Birkin Baya Na Kuka, Kowa Na Fassara

Daga Kwanar Ɗangora, inda hanyar Jos ta rabu da ta Zariya, har ka ratsa Tudun Wada da dajin Falgore ka nufi duwatsun Riruwai, motar da ake ji da ita ita ce Hilux da danginta masu ja da ƙafa huɗu. Kwalta kam kowace mota na bi. Sai an sauka an shiga ƙauye ɗauko masara ko shinkafa, an tsallake rafi da damina, an sha ƙura da rani, sannan ake sanin mota. Birkin gaban irin waɗannan motoci faifai ne, na baya kuwa diram: ƙoƙon ƙarfe mai juyawa tare da taya, a cikinsa akwai layinin biyu, da sifirin, da 'yar silinda da man birki ke turawa ta buɗe layinin su kama. Duk laka da yashin da aka taka, wani kaso na shiga ya kwanta a ciki. In abin ya ishi diram sai ya yi kuka, ko ya zubar da hawaye. Abin da yake faɗi a fili yake. Masu fassarar ne abin kallo.

Na farkonsu Malam Ƙura-ce. Ko wane irin kuka ka kawo masa, ba ya ma tashi daga benci. "Ƙura ce, Alhaji, za ta daina." Abin haushin, lokacin hunturu yakan yi daidai, domin siririn fito da safe sau da yawa ƙura ce ko tsatsar kwana, ana taka birki kaɗan ta wuce. Wannan dacen ne ya ɓata shi. Ranar da layinin ya cinye ƙarfe ya fara gurzar ƙarfe, kukan ya koma gurnani, nan ma ƙura ce. Sai an buɗe an ga diram ya yi kunya-kunya sannan ya ce ai ƙurar ce ta jawo.

Akwai mai kwaikwayo. Shi ba ya kawo mota gareji, kukan yake kawowa. Daga wani lungu a Doguwa zai bugo waya: "Oga, ji yadda take yi: ƙiiii, sai kuma ƙwas-ƙwas." Bakanike ya tambaye shi ko sai ya taka birki take yi ko kuwa da tafiya kawai, sai ya sake yin kukan da ƙarfi, a zatonsa sabis ne ya yi rauni. Alhali tambayar nan ita ce rabin aikin. Kukan da ke zuwa da taka birki, na layinin ne ko diram. Ƙwas-ƙwas a gargada, a duba sifirin da ya karye ko ƙarfen daidaita birki da ya saki. Gunjin da ke ƙaruwa da gudu, a taka ko kada a taka, galibi boris ne, birki ba ruwansa.

Shi kuwa mai rediyo bai ji komai ba. In ka ce ka ji, sai ya ƙara murya.

Sai Alhaji Mai-ƙari, wanda ba ya rabuwa da gwangwanin man birki a ƙarƙashin kujera. Kullum da safe zai buɗe bonet ya cika kofin, ya yaba wa kansa da kula da mota. Bai taɓa tambayar ina na jiya ya tafi ba. Man birki ba fetur ba ne balle a ce ƙonewa yake yi; yakan ɗan sauka a hankali yayin da birki ke cinyewa, amma wanda ake ƙarawa duk safiya fita yake ta wani wuri. Da zai durƙusa ya leƙa cikin tayar baya, da ya ga zanen jiƙa ya gangaro. Matsalar dai durƙuson, ga babbar riga an sha guga.

Wanda na fi so cikinsu shi ne dattijo mai hanci, wanda ya koyi aiki a kan tsohuwar Land Rover da ta girmi madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, motar da ƙafafunta huɗu duk diram ne. Ba ya gardama. Zai lakato jiƙar da yatsa, ya murza, ya kai hanci. In mai kauri ne, mai warin da ko ka ɗauko kifin Tiga a bayan motar sai ya fito, to man giya ne: sil ɗin aksul ya mutu, man difiransha ya biyo ya shiga diram. In sakakke ne, ruwa na wanke shi, ga fenti ya kwaile inda ya zauna, man birki ne. Sai ya ɗaga robar bakin silinda. In ya ga danshi a ƙarƙashinta, magana ta ƙare. Idan sil ne, ba ya tsayawa nan. Zai girgiza taya ya ji boris, sannan ya lalubi ɗan bututun numfashi da ke saman aksul, wanda laka ke toshewa, zafi ya taru ya tura mai ta sil. Wanda ya canza sil ya bar wannan a toshe, ya dawo kenan. Aibin dattijon guda ne: duk yatsan da ya shinshina sai ya miƙo maka ka tabbatar da kanka.

Abokin gabarsa Sarkin Dabara. Wannan ba a taɓa kwana a daji da shi ba, shi ya sa direbobi ke son sa. Silinda na yoyo? Ya daddaƙe bututun wannan ƙafar ko ya cusa ƙusa, ya ce, "Ƙafa uku ma birki ne, maigida, lallaɓa zuwa gari." Man birki ya ƙare? A dama Omo da ruwa. In babu, a zuba man inji, wanda ke kumbura duk wata roba tun daga masta, uwar silindar da ke turo man birki, har silindar taya. Layinin ya jiƙe da mai? A wanke da fetur, a cinna masa wuta, a mayar. Ya bushe a ido, amma da ya ɗau zafi man da ya tsotsa sai ya sake tsattsafowa. Ba na musun cewa mutum ya fi son ya fita daga Falgore kafin magariba. Amma garin da aka ce a lallaɓa zuwa ba a taɓa isa ba. Bayan shekara ƙusar na nan, motar na sauko da buhuna daga tudu.

Kusa da shi akwai mai lissafi. An ce a canza layinin ƙafa biyu, ya ce ɗaya ce ta yi kuka, ita ɗin za a yi wa magani. An nuna masa iyakar faɗin da aka buga a jikin diram, an ce nasa ya wuce, ya ce a tura yaro kasuwar Ƙofar Ruwa a samo na gwanjo mai sauran rai. Daga baya in ya taka birki motar ta karkata gefe, sai ya ce hanyar ce ba a yi ta daidai ba.

Ba a rasa ɗan kallo mai goro a baki, wanda ko keke ba shi da shi. Shi ne zai sunkuya ya hure ƙurar diram da baki don ya taimaka, ƙurar da ake wankewa da ruwa saboda illarta ga huhu, ya tashi fuska fari fat yana cewa shi tun farko ya san hambirki ne. Wani lokacin ma ya dace, wayar hambirkin ce ta cije da laka, diram ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Ranar nan sai a ƙaura masa.

Duk wannan taro a ƙafar yaron gareji yake ƙarewa, domin in an canza silinda dole a fitar da iska, in ba haka ba birki ya yi laushi har ƙasa. A ɗora shi a kujerar direba, Oga ya shige ƙarƙashi da sifana, a fara da ƙafar da ta fi nisa da masta. "Taka! Taka! Riƙe!" Oga ya kwance, kumfa ta fito, ya ɗaure. "Saki!" Aikin yaron kenan duka, kada ya ɗaga ƙafa kafin a ce. Amma yau ce ranar da ya samu sitiyari, ga madubi, ga 'yan tallan rake na wucewa.

"Kai, ka riƙe kuwa?"

"Na riƙe, Oga."

"To wa ya tsotse iskar nan, ni?"

Alhaji Mai-ƙari ya miƙo gwangwaninsa, aka koma ƙafar farko.