Allah Ya Ƙara wa Malam Alƙali Basira

Mu a ƙasar Gumel mun yi dace da irin alƙalin nan da takarda ba ta ruɗa shi. Mace ta taso da asuba daga wani ƙauyen Sule Tankarkar, kuɗin motar ma rance ne, ta durƙusa gabansa ido a kumbure, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Malam ya leƙo ta saman tabarau: "To ke me kika yi masa?" Kafin azahar an kira waliyyi, an ce ta yi haƙuri, aure ibada ne. A ina ake samun saurin aiki irin wannan?

Masu bincike dai so suke su ɓata masa lokaci. A Disambar 2024 Sarki Muhammadu Sanusi II ya faɗa a Jami'ar Bayero cewa ya bi ƙararrakin kotunan shari'a 9 na Kano na shekara 5, ya tarar kashi 45 cikin ɗari na ƙararrakin cutarwa sun shafi dukan mata da cin zarafi a gida. Wannan ai Kano ce. Namu matan da ƙyauren ɗaki suke yawan karo. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuma ya nuna fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba. 'Yan boko suka ce ke nan wadda ta iso kotu ta daɗe tana shanyewa, kada a ɗauka faɗan jiya ne. Malam ya fi su iya lissafi: wadda ba ta zo ba, lafiyarta lau.

Dokar hana cin zarafi da Gwamna Badaru ya sa wa hannu a 2021 kuwa, don tsabar girmamawa, tana cikin durowa, ko ƙura ba ta taɓa ta.

Littafin Tuhfa ma Malam ya haddace shi. Ya san a mazhabar Malikiyya cuta tana tabbata ko da labarin da ya bazu a bakin maƙwabta, kuma wadda aka cuta ana raba aurenta ba ta biya ko sisi ba. Amma Malam mai tausayi ne, ba ya son magidanci ya tashi a tutar babu. Sai ya ce ta nemi hul'i. Ran Alhamis uwarta ta kora akuyoyinta kasuwar Maigatari, aka haɗa sadaki aka mayar. Maigida ya ƙirga kuɗinsa a gaban kotu, ya yi godiya, ya samu na neman wata.