Ribar Mai Tsohuwar Kwamfuta

A watan Oktoban 2019 Apple ya fito da macOS Catalina, ya ce duk manhajar da aka gina a kan tsarin bit 32 ta tattara komatsanta. Masanan da za su kwana suna yi maka bayanin yadda furotin ke naɗe kansa, gargaɗin layi biyu ya gagare su karantawa, suka danna sabuntawa. Washegari VMD, manhajar Jami'ar Illinois ta kallon siffar sinadarai, ta ƙi buɗewa. Aka kashe aka kunna, aka sake girkawa, har da lallashi. Sai ga ɗalibai sun yi layi a ƙofar dattijon farfesan da ake yi wa dariya don bai taɓa sabunta komai ba.