Daƙiƙa 2 da Awa 18

Duk mai tallar ajiyar ko-ta-kwana a gajimare, abin da zai fara nuna maka shi ne girman rumbunsa da arhar kuɗinsa. Ni kuwa ra'ayina shi ne, ajiyar da ba ka san awa nawa za ta ci kafin ta dawo ba, a rasit kawai take ajiya. Hujjata ita ce abin da ya sami kamfanin GitLab a daren 31 ga Janairun 2017, lamarin da ko a rubuce mutum ya karanta shi sai ya ji kunya ta lulluɓe shi kamar shi ya aikata.

A lokacin, kamfanin na da kwamfutoci biyu masu riƙe da rumbun bayanansa a gajimaren Azure na Microsoft, irin na haya da ake yankowa daga cikin wata ƙatuwar na'ura, ba ka ganinsu balle ka taɓa. Ɗaya sunanta db1, ita ce uwa. Ɗayar db2, 'yar rakiya mai kwafe duk abin da uwar ta rubuta. Cunkoso ya sa 'yar rakiyar ta daina kwafa, aka share ta don a sake cika ta, ta ƙi cika. Dare ya tsala, injiniya ya gaji, ya ce bari ya ƙara share ta tas ya sake gwadawa. Ya rubuta umarnin, ya danna. A kan db1. Rahoton da kamfanin ya fitar ya ce ya tsayar da aikin daƙiƙa 1 ko 2 bayan ya farga, kuma waɗannan daƙiƙun su ne suka fi ba ni tausayi da dariya. Ido ya riga ya ga 1 a inda ya kamata a ga 2. Ƙwaƙwalwa ta riga ta gane. Yatsa ne kawai bai iso ba, yana hanya, kwamfuta kuwa tana ta aikinta bilhaƙƙi, ba ta tambayi kowa ko ya tabbata ba. A sake duba shi a hankali: ido ya gani, gaba ya faɗi, hannu ya zabura, allo ya yi tsit kamar bai san komai ba. Da aka leƙa, cikin gigabait kusan 300, wajen 4.5 ne suka rage.

Wani zai ce ai wannan kuskuren mutum ne, maganinsa a yawaita ajiya. To, hanyoyin ajiya 5 gare su a daren. 'Yar rakiya dai su da kansu suka share ta. Kwafin da ake turawa rumbun S3 na Amazon, da aka buɗe sai aka tarar da wayam, domin manhajar da ke ɗaukarsa ta PostgreSQL 9.2 ce, rumbun kuma 9.6, ta daɗe tana faɗuwa shiru. Wasiƙun da take aikowa na neman agaji kuwa ana ƙin karɓarsu tun a hanya saboda ba su da sa hannun da akwatin saƙo ke nema. Hoton faifai na Azure an kunna shi a wasu na'urorin, amma ba a kunna shi a ta rumbun bayanai ba. Abin da ya cece su wani hoto ne da aka ɗauka da hannu kimanin awa 6 kafin ɓarnar, shi ma don wani gwaji daban. Yawan ajiyar bai ƙara musu komai ba sai yawan wuraren da za a buɗe a yi salati.

Sai dai inda na fi son a tsaya shi ne bayan an samu hoton, don a nan ne maganata take. Bayanai ga su, lafiya lau, amma suna kan faifai masu arha da aka ƙayyade wa gudu wajen megabit 60 a daƙiƙa. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Kwafo su kaɗai ya ci kusan awa 18, ba abin da injiniyoyin duniya za su iya yi illa kallon lamba tana rarrafe. Kamfanin ma ya ambata cewa akwai lokacin da dawo da hoton faifai daga wani asusun ajiya zuwa wani ya sa su jiran fiye da mako guda. Na san za a ce yanzu an ci gaba, akwai dabarar tayar da kwamfutar kai tsaye daga cikin fayil ɗin ajiyar, irin wadda kamfanin Veeam ya shahara da ita, ta fara aiki cikin mintuna yayin da ake kwaso sauran a bayan fage. Dabara ce mai kyau, ban musa ba. Amma duk abin da kwamfutar za ta karanta, ta wannan siririyar hanyar zai biyo, sai ka ga ta tashi amma tana tafiya da ƙyar. In kuma don tsimi ka tura ajiyarka can ƙuryar Glacier Deep Archive, Amazon ta faɗa maka tun farko cewa fitowa na iya kai awa 12, na mafi arha kuma awa 48, kafin ma a fara maganar kwafa. Masu cewa gwajin dawo da ajiya na cin kuɗi da lokaci gaskiya suka faɗa, sai dai gwajin nan ba ya yafuwa. Ko ka yi shi ranar Talata da hantsi kana shan shayi, ko ka yi shi da tsakar dare jama'a na kallo.

Su GitLab a gaban jama'ar suka yi, don sun haska aikin kai tsaye a YouTube, masu kallo suka kai wajen 5,000 a lokaci guda, ana kallon fayil na tafiya. Ina sha'awar wannan taro fiye da gyaran kansa, domin duk inda na'ura ta mutu akwai gwanin da ke tsaye a bayan mai gyara, hannu a aljihu. Shi ne mai cewa a kashe a kunna. Shi ne mai cewa a duba kwandon shara, ƙila suna ciki. In an yi masa bayanin cewa wannan umarnin ba ya bi ta kwando, sai ya gyaɗa kai cikin natsuwa, ya yi ɗan tunani, ya ce to ai da an yi ajiya. A ce masa an yi, har 5. Ya ce to me ake jira?