Sa Shi a Ribas

Har yanzu in zan kalli hagu sai na juya da ƙirjina gaba ɗaya, saboda haka ba zan ja ku da nisa kan yadda aka yi na baro Kano a kan babur da niyyar Legas ba. A teburin mai shayin unguwarmu aka ƙulla abin. Ana hirar Kunle Adeyanju, Bayaraben nan da ya taho daga Landan har Legas a kan babur a 2022, sai wani mai baƙin baki ya ce mu Kanawa iyakar jarumtarmu Wudil, mu kalli shanu a kara mu juyo kafin la'asar. Na dire kofi na ce a shaida. Shi ke nan, tafiyar sama da kilomita 1,000 ta hau kaina, daga ni sai Boxer ɗina sai jaka ɗaure da roba a baya.

Kwanar Ɗangora, Zariya, Kaduna, duk sun wuce lafiya, in ka ɗauke kuɗin mai, wanda tun da aka janye tallafi a Mayun 2023 ko mai babur sai ya tsaya lissafi kafin ya ce a cika. Abu ɗaya nake so ku riƙe mini. A Tafa, inda tireloli ke kwana, wani bakanike ya ji murfin sarƙata yana ƙara, ya kwance shi ya miƙo mini. Ya ce, "Maigida, wannan ado ne kawai. Duk ɗan acaɓan da ya san aikinsa cirewa yake yi." Na biya shi, har da godiya.

Na bi ta Zuba, Gwagwalada, Abaji. A Koton Ƙarfe na tsaya na yi azahar, a nan ne kuma na buɗe jaka na fito da ita. Babbar riga ce ta shadda gezna, fara sol, aikin hannu, aska takwas. Ta Yayana ce. Don Babbar Sallah ya ɗinka ta, ya ba ni aro bisa sharaɗin ba zan zura ta ba sai na isa Agege, in yi hoto in ninke. To amma ga gadar Murtala a gabana can Jamata, ga Kogin Kwara shimfiɗe, wane Bakano ne zai tsallaka Kwara da rigar sanyi mai ƙura? Na zura ta, na ɗora hular kwano, na yi hoto a bakin gada, na aika wa 'yan teburin shayi su gani su ƙoshi.

Ga wani ilimi da babu mai gaya maka sai ka biya kuɗinsa. Muddin kana gudu, babbar riga ba ta da wata illa a kan babur. Iska ce ke ɗauke da ita, hannuwanta biyu na kaɗawa a bayanka, direbobi na danna maka oda suna ɗaga hannu. Daga gada zuwa Lakwaja na ji kwarjinin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Sai ka rage gudu iskar ke ajiye aikinta. Duk yadin nan da ke sama sai ya sauko, kuma dole ya sauka a wani wuri.

A mahaɗar Nataco na tarar da cunkoso: tankokin mai, tirelolin albasa, motocin da suka nufi Okene, mata masu kifi banda, yara masu burodi da ruwan leda. Na saki totur na koma giya ɗaya, tafiyar da har mai tallan ayaba ke wuce ni a ƙafa.

Wani ɗan ja na fara ji a kafaɗar hagu. Na ɗauka mai talla ne ya kama mini riga, don haka ko waiwayawa ban yi ba na ce, "Allah ya ba da kasuwa, ba na saye." Wallahi haka na faɗa. Da sarƙar babur nake magana. Taya ta ƙara juyi ɗaya, kafaɗata ta sauka. Ta ƙara wani, hannuna na hagu ya bar kan babur ya tafi baya ba da izinina ba. A juyi na gaba wuyan rigar ya taso ya kama ni a maƙogwaro, bayana ya lanƙwasa, ƙeyata ta kwanta a kan jakar da na ɗaure, inji ya yi tari ya mutu.

Ku lura, ban faɗi ba. Da ma na faɗi, ai da an ce hatsari ne, a tausaya mini. Babur na tsaye cak, ƙafafuna biyu na dafe da kwalta suna riƙe da shi, hannun dama ya damƙe birki, ni kuma ina kwance rigingine a kan kujera, fuskata na kallon sama, kamar ragon layya da aka gama ɗaurewa ana jira liman ya yanka nasa. Wurin yana da ɗan gangare. Da na ɗan sassauta birki sai taya ta motsa, wuya ya ƙara tsukewa. In na ɗaga ƙafa babur ya kife da ni. Da yadin talakawa ne da tuni ya yage ya sake ni na kama gabana. Amma gezna ce. Yaya bai yi asarar kuɗinsa ba, ko zare ɗaya bai tsinke ba.

Na maimaita wannan lokacin a raina har na gaji. Abin da ke fara dawo mini shi ne shirun. Kasuwa guda ta yi tsit na ɗan lokaci, har ina jin ƙarar mai soya doya can gefe. Sama kuma tas take, wata shirwa tana shawagi daidai saitina. Sannan fuskoki suka fara shigowa cikin saman nan ɗaya bayan ɗaya, duk a kife, saboda ta wajen kaina suke leƙowa.

Mai kifi ce ta fara. "Sannu Alhaji. Ka cire rigar mana." Na so in yi mata bayanin cewa wuyan riga ba ya wuce hular kwano, hular ba ta fita sai an ɓalle igiyarta, igiyar tana ƙarƙashin wuyan rigar, hannu ɗaya na hannun sarƙa, ɗayan na hannun birki. Abin da ya fito daga bakina bai kai kalma ba. Wani yaron tanka ya ce a zuba baƙin mai a wurin, yadin zai sulɓe. Na zaro ido ina girgiza abin da ya rage mini na kai, shi kuwa ya ɗauka amincewa ce, ya ruga ya dawo da galan. A kan farar gezna. Ban gani ba, amma na ji sautin zubarsa, kuma na ji jama'a sun ce "ash" baki ɗaya. Yadin bai sulɓe ko'ina ba. Wani saurayi mai jar riga bai ce komai ba, waya kawai ya ɗaga yana kewaya ni a hankali yana neman inda haske ya fi kyau.

Sai ga Baba mai goro. Dattijo ne siriri, faifan goro a hannu, rigar jiƙaƙƙen algarara a kai, yana tafe ba gaggawa. Bai kalle ni ba. Bayan babur ya zagaya ya duƙa ya karanta lamba.

"Lambar Kano ce," ya sanar wa jama'a. "Ku kwantar da hankalinku, bawana ne. Haka suke."

Duk faɗin jihar Kogi, Allah bai haɗa ni da kowa ba sai Bazazzagi.

Na tattara iskar da ta rage na ce, "Baba, a taimaka."

"Taimakon na zo yi, yaro. Sa shi a ribas."

"Baba, babur ba shi da ribas."

"Ka dai duba."

"Babu, Baba."

"Ka duba da kyau. Ku yaran yanzu ba ku da haƙuri."

Ya ajiye faifan goronsa a kan cikina, don nan ne wuri mafi shimfiɗa a kusa, ya sunkuya yana leƙen giya. Ya taɓa nan ya taɓa can, ya danna oda, ya kunna sigina. Da ya tabbatar babu, ya miƙe ya dubi taro cikin jimami ya ce, "An cuci yaron nan. Sun sayar masa da rabin abin hawa. Abin da ke gaba ba ya baya, ai jaki ya fi shi."

Daga nan ya buɗe karatu. Ya ce kakanninmu fatake sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro a kan jakuna, wata da watanni, da riga da rawani, ba a taɓa jin ranar da jaki ya cinye wa madugu riga ba. Wani direba ya ce ƙarya ne, shi jaki ya taɓa tauna masa hula a Illela. Baba ya ce wannan akuya ce, bai duba da kyau ba. Direba ya rantse. Aka rabu gida biyu, masu jaki da masu akuya, ana musu ta saman kaina, har wani ya sa hannu a faifan da ke cikina ya zaɓi goro fari ya tambayi nawa. Baba ya tsaya ya ba shi canji.

Wani mai rawani ya ce in yi ta salati. Wannan ita kaɗai ce shawarar da na riga na fara aiki da ita tun kafin a ba ni.

Tankar da ke bayana ta saki oda mai girgiza hanji. Baba ya ɗaga mata hannu ya ce ta yi haƙuri, babban baƙo ne daga Kano yake hutawa. Sannan ya sunkuyo daidai fuskata, har ina jin ƙamshin goro, ya ce, "Kada ka ji kunya, yaro. Garin nan ya saba da ku. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, nan suka ƙare da kawo Sarkinku Alu. Kai dai ka kawo kanka ne, ka hutar da Bature."

Jama'a suka kwashe da dariya. Nan ne, a wajena, inda abin ya fi ciwo, ya fi wuyan, ya fi baƙin man. Ina da amsa! Amsa tana bakina, a shirye, mai kyau: Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ma ai nan Lakwaja Turawan suka kawo shi, nan ya rasu, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Da a teburin shayi ne da na gama da tsohon nan, sai an riƙe shi. Na buɗe baki, na ja numfashi, birki ya ɗan kuɓuce, taya ta motsa, abin da duniya ta ji daga wakilin Kanawa a wannan muhawara shi ne "ƙiiƙ". Baba ya gyaɗa kai ya ce wa jama'a, "Ya amsa."

Wani yaro mai faci ne ya cece ni, wanda bai fi shekara goma sha biyu ba, kuma tun da ya zo bai ce uffan ba. Ya sa ƙafa ya mayar da giya firi, ya yafito ƙarti biyu suka ɗaga bayan babur da ni a kai, ya kama taya da hannu ya shiga juya ta baya a hankali. Riga ta fara fitowa kaɗan-kaɗan, kowane taku da hatimin haƙoran sarƙa a jere, baƙi ƙirin. Wuya ya saki. Na ja iskar Lakwaja mai warin kifi da dizal, ban taɓa shaƙar abin da ya kai ta daɗi ba.

Ban gama miƙewa zaune ba na ji muryar Baba ta cika mahaɗa.

"Ribas! Jama'a, me na ce tun ɗazu? Ba baya aka juya ta ba?"

Aka yi ta sa masa albarka. Mai kifi ta ce ai maganar manya ba ta faɗuwa ƙasa. Direban jaki ma ya ba shi hannu. Nan take ya sayar da kusan rabin faifansa. Yaron facin kuwa ya karɓi abin da na ba shi ya koma gindin injinsa, ko kallonsa babu wanda ya yi.

Kafin in tayar da babur Baba ya matso da sauran nasiha. Ya ce in zan sake hawa in naɗe riga a kafaɗa, don abin da aka halicci kafaɗa dominsa ke nan. Ya tambayi ina na nufa, na ce Legas. Ya ce ban ji an hana acaɓa a Ikeja da Apapa da Surulere tun 2022 ba? Na ce ni ba ɗan acaɓa ba ne, matafiyi ne. Ya dubi Boxer, ya dubi sarƙa tsirara, ya dubi abin da ya saura na rigar, ya ce, "To ka yi musu bayani haka." Ya ba ni goro ɗaya kyauta, daushe.

A masauki na zauna ina tsara yadda zan gaya wa Yaya a hankali, in fara da gaisuwa, in biyo da ƙaddara. Ban gama tsarawa ba waya ta yi ƙara. Saurayi mai jar riga ya riga ni isa Kano. Yaya bai yi sallama ba, bai tambayi wuyana ba, cewa kawai ya yi, "Ita ce?"

Don haka roƙo biyu nake yi. In bidiyon ya iso wayarka, don girman Allah ya tsaya a wajenka, musamman in kai Bazazzagi ne. Wanda kuma ya san mai wankin da ke fitar da baƙin mai daga farar gezna, ya taimaka ya sanar da ni, don Yaya ya ce kada in shigo Kano sai da ita fara.