Huhuna Lafiya, Saura Mai Shaida

Gurbin karatun digiri na biyu ya samu a Ingila, gida ya cika da 'yan barka, sai aka zo batun biza. Dokar Birtaniya ita ce duk mazaunin Najeriyar da zai zauna musu sama da wata 6 sai ya kawo shaidar cewa ba ya ɗauke da tarin fuka. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, ni da ko mura ba ta cika kama ni ba.

Nan take Kawu ya karɓe ragamar. Yana da likita, abokinsa tun firamare, wanda ya yi masa aikin ƙaba. Likita ya saurari ƙirjina, ya tambayi lafiyar Hajiya, sannan ya rubuta takarda da Turanci mai nauyi, ya danna mata hatimi biyu, ja da shuɗi. Takardar ta wanke ni tas, har idanu da haƙora, waɗanda ba wanda ya tambaya.

Na tura wa wani abokina da ya riga ni tafiya hotonta. Da ya gama dariyarsa sai ya ce Turawan nan ba lafiyarka suke tambaya ba, wanda ya ce kana da lafiyar suke tambaya. Suna da jerin asibitocin da suka amince da su a shafin gwamnatinsu na intanet, kowace ƙasa da nata. Ko farfesa ne ya duba ka, in ba ya cikin jerin, takardarsa sai dai a ƙunsa ƙosai.

Da na kai wa Kawu labari, sai ya cire hula ya ajiye. "Wato mutumin da ya farke cikina ya ɗinke shi ne bai san tari ba? Su zo Kano su faɗa masa!"

Mai shagon kwamfutar da na je duba jerin shi ma yana da tasa hanyar. Ya rage murya ya ce, "Yallaɓai, akwai wani mutumina, gobe takarda za ta fito. Ko huhun ba sai ka zo da shi ba." Na yi masa godiya. Takardar bogi tana iya ja wa mutum haramcin shiga ƙasar na shekara 10, ni kuwa karatun shekara ɗaya zan je.

Jerin ya nuna mafi kusa da ni ita ce cibiyar IOM, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙaura, a Abuja. Na kama rana ta intanet, na biya, na ɗauki fasfo na kama hanyar Kaduna cikin tsakiyar hunturu, ƙura ta rufe gari.

Ban taɓa ganin ɗakin jira irin wannan ba. Mutane jingim, amma ba mai tari. Kowa ya haɗiye nasa, idanu sun yi ja, domin duk mun ji labari: in hoton ƙirji ya nuna wata inuwa, sai a karɓi kakinka safiya 3 a jere, sakamakon kuma yana iya kai mako 8. Makaranta kuwa ba ta jiran kakin kowa. Wani dattijo ya yi gyaran murya kawai, na kusa da shi suka matsa.

Yunwa ta sa na fita na ɓalli kilishin da Hajiya ta ƙullo min, mai yaji sosai. Ina dawowa aka kira ni. Likita ta ɗago kai ta ce, "Kana tari?" A daidai nan yajin ya sarƙe ni. Na yi tarin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, hawaye na zuba, ina girgiza kai alamar a'a. Ta miƙo min ruwa, ta jira, ta sake tambaya kamar ba ta ji komai ba. Allah ya saka mata da alheri.

Hoto ya fito fes, aka ba ni takarda mai aiki na wata 6. Kawu ya juya ta gaba da baya ya ce, "To me suka gano? Ba komai? Ai abin da likitana ya faɗa ke nan, kuma shi hatiminsa biyu."

In kai ma kana shirin tafiya, ka duba jerin kafin ka ba kowa ko sisi, kilishi kuma ka bar shi sai a hanyar dawowa.