Hutun Minti Biyar da Ragon Suna: Nazari a Kan Wani Mai Shirin JAMB

Jarrabawar shiga manyan makarantu da hukumar JAMB ke shiryawa, hukumar da aka kafa a 1978 kuma ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, tana buƙatar ɗalibi ya amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu, 60 daga Turanci wanda yake wajibi a kan kowa, ragowar kuma daga darussa uku na fannin da yake nema, duka a kan maki 400. Da yake galibi tana faɗowa cikin bazara, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, shirinta kan haɗa wa ɗalibi azabar karatu da ta gumi, sannan shi da kansa ya ƙaro ta uku, wato kaɗaici, bisa zaton cewa ilimi ba ya shiga kai sai an kori mutane daga kusa.

Masana ba su goyi bayan karatun da babu hutu ba. Tun a 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan hadda, kuma maimaicin da aka rarraba a kan kwanaki ya fi wanda aka cusa a zama ɗaya daɗewa a kai, wanda hakan babban ƙalubale ne ga masu TDB, wato kwana ana karatu har wayewar gari da goro a kumatu da ƙafafu cikin bokitin ruwa don korar barci. A ƙarshen shekarun 1980 kuma wani ɗalibi ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da dabarar Pomodoro da taimakon agogon kicin mai siffar tumatir: a yi aiki minti 25, a huta minti 5, bayan zagaye huɗu a yi hutu mai ɗan tsawo. Illar dabarar ita ce mai ita bai taɓa auna tsawon gaisuwar Bahaushe ba, wadda kafin a wuce kwana da gajiya da iyali da zafi a isa ga "sai haƙuri", minti biyar ɗin sun riga sun tafi.

Misalin wani saurayi a cikin birnin Kano, wanda aka sakaya sunansa don mutuncin gidansu, ya isa hujja. Da ya ƙudura neman karatun likitanci, sai ya tare a shagon ƙofar gida, ya miƙa wa mahaifiyarsa Hajiya wayarsa ta kulle a durowa, ya yanke zuwa majalisa da gidan ƙwallo, ya kuma rubuta da alli a jikin ƙyaure cewa mai shagon ya yi tafiya. Farkon lamarin ya ba da sha'awa, amma shirun da ya nema da kansa bai jima ba ya fara yi masa nauyi, domin mutumin da ya tashi cikin gida mai ƙanne da baƙi da rediyo ba ya iya bambance natsuwa da zaman makoki. Ya fara karanta sinadarai da ƙarfi don ya ji murya, daga nan ya koma yi wa wani jangwala gada, ƙadangaren da ke shan rana a kan taga, bayanin jadawalin Mendeleev. Ƙadangaren kuwa ya gyaɗa kai ga kowace gaɓa, har da wuraren da malamin ya yi kuskure, abin da ya sa saurayin ya ɗauke shi ɗalibi mafi hazaƙa da ya taɓa gani, kuma ranar da bai zo ba aka ji shi yana tambayar ƙannensa ko wani ya jefe shi.

A wannan hali ne ya karɓi dabarar Cirillo, da agogon ƙararrawa na Hajiya, tsarabar Makka, a madadin tumatirin. Ya zauna bayan sallar asuba, ya cika minti 25 cif, ya saita biyar, ya leƙa waje don sayen ruwan leda, ba tare da sanin cewa maƙwabta na raɗin suna a safiyar ba. Ƙa'ida ce sananniya a unguwa cewa saurayin da ke tsaye hannu rabbana dukiyar jama'a ne, don haka bai gama durƙusawa gaisuwa ba wani dattijo ya ce, "Yawwa ɗan Hajiya, ashe ka dawo daga tafiyar, tunda ba ka komai zo ka riƙe mana ragon nan." Amsar da ilimi ya tanada ita ce saura masa minti uku, amma wadda tarbiyya ta fitar daga bakinsa ita ce, "To, Baba."

Abin da ya biyo baya ya shafi ilimin motsi fiye da na sinadarai. Ragon, wanda ga alama ya fahimci manufar taron fiye da mai riƙe da shi, ya fizge igiyar daidai lokacin da aka ɗaga hannu ana shafa fatiha, ya ratsa ta tsakanin tabarmi, ya kifar da farantin goro da dabino, ya faɗa lungu. Saurayin ya bi shi da silifa ɗaya, yara suka bi saurayin, kuma ayarin ya wuce ta gaban majalisar da ya ƙaurace wa, inda abokansa suka miƙe suka shiga farautar, kowa na gudu yana tambayarsa yaushe ya dawo. An cimma ragon wajen hantsi a rumfar wata mai sayar da alayyafo, bayan ya ci na kuɗi masu kauri, aka kuma yi zaman sulhu wanda saurayin ya halarta a matsayin wakilin ragon. Daga nan aka ga bai kamata a sake shi bai taya fiɗa ba, bayan fiɗa sai rabon waina gida gida, bayan rabo sai abokai suka zaunar da shi don ya ji duk abin da ya faru a gasar Firimiya ta Ingila a bayan idonsa. Bai koma shago ba sai bayan isha'i, ya tarar agogon ya yi ta kuka har Hajiya ta aiko an cire masa batir.

Mai nazari na iya ɗora laifin a kan ragon ko a kan dattijon, amma shaidu sun tabbatar cewa tun daga azahar babu wanda ya riƙe saurayin, kuma an gan shi yana dariya har da riƙe ciki a kan labaran da ya riga ya sani. Kaɗaicin da ya tara bashi ne, kuma a hutun farko aka zo karɓa. Wannan ne ya sa washegari ya goge rubutun ƙyaure, ya nemo abokai biyu masu shirin jarrabawa ɗaya suna yi wa juna tambayoyin shekarun baya, ya kuma ɗaura hutunsa da lokutan salla, waɗanda kowa ya san farkonsu da ƙarshensu, har dattawa. Sai dai labarin ƙwazonsa ya riga ya zaga unguwa, kuma wani maigida da matarsa ta sauka ya aiko wa Hajiya cewa a ajiye masa yaron nan mai rago, ranar sunan kuwa ta faɗo daidai da ranar jarrabawar gwaji.