Har Yanzu Shiru?

Mu dai a unguwa, in aka ce yaro ya ɓata, ba a barin mu a baya. Kafin uwar ta gama yafa mayafi, ladan ya riga ya kunna lasifika: "Jama'a, ana cigiyar yaro ɗan shekara huɗu, da shuɗiyar riga, babu takalmi a ƙafarsa." Samari su bazu lungu-lungu, wani ya leƙa rijiya, wani ya bi bakin kududdufi, wani ya hau babur sai gidan mai unguwa, don can ake kai yaron da aka tsinta. Mata su cika tsakar gidan, wannan ta riƙe uwar, waccan ta ɗora tukunya. Galibi kafin isha'i an gan shi, ya bi 'yan biki ko barci ya kwashe shi a shagon tela. A yi masa faɗa, a gode wa Allah, a watse.

Wannan kam mun iya shi. Inda muke kasawa shi ne in isha'i ta wuce, gari ya waye, mako ya zagayo, babu yaro babu dalilinsa.

Makon farko har yanzu da sauran ƙarfinmu. Mu raka uban caji ofis, mu zaga asibitoci, mai ƙarfin hali a cikinmu ya shiga ɗakin ajiye gawa ya duba fuskoki. A haɗa kuɗi a kai cigiya gidan rediyo, a watsa hoto a WhatsApp da Facebook da lambar waya a ƙasa. A yi saukar Alƙur'ani, a raba waina sadaka. Daga nan sai masu ba da shawara su fara sallama. Wata ta ce kurciya aka yi masa, ta san mai karya ta. Wani ya ce akwai mai duba a wani ƙauye, in ya yi kiranye ko a bangon duniya mutum yake sai ya dawo. Mai duba ya buga ƙasa ya ce yana gabas, kusa da ruwa, yana da rai. Uwa ta sayar da tunkiya, ta sayar da keken ɗinki, ta koma a sake dubawa. Lambar nan da aka sa a cigiya kuwa, 'yan damfara ma sun gani. Tsakar dare su kira: "Yaronku na hannunmu, ku turo kuɗi ku ji muryarsa." Ban san irin zuciyar da ke cin kuɗin uwar da ke neman ɗanta ba, amma ga su nan, suna ci.

Mutuwa, duk da ɗacinta, mun san yadda ake yi da ita. A yi wanka, a yi salla, a kai makwanci, a shimfiɗa tabarmi kwana uku. Kowa ya san abin da zai faɗa: "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa." Matar ta shiga takaba, ta san ranar fita. Shi ya sa manya ke cewa ɓata ya fi mutuwa ciwo. A gidan da aka yi ɓata ba ka isa ka ce Allah ya jiƙansa ba, uwar ba za ta yafe maka ba. Sai dai ka ce, "Baba, har yanzu shiru?" Ta ce, "Shiru, ɗan nan." Ka ce, "Allah ya bayyana." Wata shida muna tambaya, shekara guda muna tambaya jefi-jefi. Daga nan mu daina, muna cewa kada mu fama mata ciwo. Ita kuwa a wurinta dainawar nan ce famin, don ta gane cewa unguwa ta binne mata ɗa ba tare da an gaya mata ba.

Akwai wata dattijuwa a layinmu, ɗanta ya tafi ci-rani kudu, ya yi waya ya ce ya sauka lafiya, daga ranar ba a ƙara jin duriyarsa ba. Tana da wata tsohuwar waya ƙarama, madannanta sun goge, an ɗaure bayanta da roba. Jikokinta sun saya mata sabuwa, ta karɓa ta ajiye. Tsohon layin kuwa ba ta yarda ya mutu, duk wata sai ta aiki yaro ya sa mata kati, saboda ita ce lambar da ya haddace. Ko banɗaki za ta shiga sai ta ba wani ya riƙe mata. Da 'ya'yanta suka kawo maganar a sayar da gidan a koma sabuwar unguwa, cewa ta yi, "In ya dawo ya tarar da wasu, wa zai tambaya?" Maganar ta mutu a nan.

Sai kuma bakinmu, wanda shi ne mafi muni. In budurwa ce ta ɓata, kafin a yi kwana uku an fara raɗa: saurayi ta bi. In magidanci ne, bashi ya ci ya gudu, ko yana can ya yi wani aure. In saurayi ne, ai dama an ga take-takensa, ya shiga daji. Babu wanda ya gani, amma kowa ya ji an ce. Iyalin su ji, su ja jiki, har su fara jin kunyar ci gaba da cigiya.

Ya kamata abin da ya faru a Kano a 2019 ya sa mu riƙa kama bakinmu. A watan Oktoban shekarar 'yan sanda suka gabatar da yara tara da aka sace daga unguwanni irin su Sauna, Kawo da Yankaba, aka gano su a Onitsha ta jihar Anambra. An sayar da su, an sauya musu suna, wasunsu Hausa ma ta ɓace musu. Akwai waɗanda suka yi shekaru a can. A 2021 kotu ta yanke wa Paul Owne, jagoran masu satar, ɗaurin shekara 104. Iyayen nan, sau nawa aka ce musu su haƙura su bar wa Allah? Ashe 'ya'yansu na raye. Wasu iyayen da suka yi ta sintiri tare da su kuwa, nasu ba su cikin taran, suka koma gida suka ci gaba da jira.

Kuma abin bai tsaya kan yara ba. A farkon watan Agustan 2019 wasu mutane suka ɗauke Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, malami a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, daga gidansa da ke Barnawa a Kaduna, har da motarsa. Shekara da shekaru matasa na tambaya a intanet, ina Dadiyata? Mahaifiyarsa ta rasu a 2022 ba ta sake sa shi a ido ba. Wannan fa mutum ne sananne, mai dubban masu faɗa dominsa. To ina ga ɗan mai faskare? Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya tana da sunayen mutum fiye da 20,000 da suka ɓata a Najeriya, mafi yawansu saboda rikicin arewa maso gabas, kuma fiye da rabinsu yara ne lokacin da suka ɓata. 'Yan matan Chibok 276 aka kwashe a 2014, har yau da sauransu ba su dawo ba. A Maiduguri matan da aka tafi da mazajensu sun haɗa kai a ƙungiyar Knifar suna neman a gaya musu, ko a raye ko a mace.

Matar aure ita ce ta fi shiga tsaka mai wuya. Ba bazawara ba, ba mai takaba ba, kuma babu mai kawo cefane. Alhali malamai ba su bar ta a rataye ba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, in ta kai ƙara gaban alƙali aka bincika ba a samu labari ba, za a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi idda wata huɗu da kwana goma, ta yi aure in tana so. In bai bar mata abin ci ba, tana iya neman a raba auren tun kafin nan. Dokar ƙasa ma tana ɗaukar wanda aka yi shekara bakwai ba a ji labarinsa ba a matsayin ya rasu. Amma ranar da ta ɗauki mayafi ta nufi kotu, mu ne za mu fara: "Har ta gaji? Ashe dama jira take." Dangin miji su ɗauke mata gaisuwa. Ita da ta yi shekara biyar tana wankau da surfe don ta ciyar da jikokinsu.

Yaran kuma fa? Duk azumi kwamitin masallacinmu yana raba gero da sukari da yadin Salla ga marayun unguwa. Wasu yara uku da ubansu ya fita kasuwar ƙauye bai dawo ba, babu sunansu a takardar. Da aka ta da maganar a majalisa bayan la'asar, wani ya ce amana ce aka ba su, masu bayarwa don marayu suka bayar, su kuwa ba su da shaidar uban ya rasu. Wani dattijo ya ce, "Malam, yunwa ba ta tambayar shaida." Wani kuma ya ce kakarsu ba za ta taɓa yarda a rubuta su cikin marayu ba, don a wurinta kamar an yi wa ɗanta salla ne yana raye. Kowa da gaskiyarsa, aka yi ta ja har aka kira magariba. A ƙarshe mutum biyu suka cire daga aljihunsu aka kai musu tiya biyar ta gero. Azumi mai zuwa maganar za ta sake tasowa, ni kuma ina cikin masu cewa a buɗe musu takarda tasu daban, a gaya wa masu bayarwa tun da wuri.